Kumburi bayan cire haƙori: in yi jinya a gida, in sayi antibayotik, ko in koma wurin likita?

An cire maka haƙori shekaranjiya, jiya ka wuni lafiya lau sai ɗan zugi, yau kuma ka tashi ka leƙa madubi ka ga kunci ɗaya ya yi suntum kamar ka ɓoye wani abu a baki, ka kai hannu ka ji wurin da ɗumi, shi ke nan zuciya ta fara saƙe-saƙe. Wannan ya ce haba ai kowa haka yake yi ka ƙyale shi, wancan ya ce infekshan ne, wato ƙwayoyin cuta sun shiga ramin, maza ka nemi antibayotik, maganin kashe su, kafin ya ci ƙashi, wani kuma ya ce ka koma inda aka cire ɗin su gani. Abin haushin kuma kowannensu zai iya zama mai gaskiya, ya danganta da abin da ke faruwa a cikin ramin nan da ba ka iya gani sosai. Ni sau biyu ana cire mini haƙori, na farko na rikice a banza, na biyu kuma na yi ta haƙuri a inda bai kamata ba, shi ya sa na zauna na jera hanyoyi huɗu in auna su: jinya a gida, sayen antibayotik da kanka, komawa wurin likitan haƙori, da emajensi, wato sashen gaggawa na asibiti.

Tambaya biyu kafin komai

Yau kwana nawa da cirewar, sannan kumburin hawa yake yi ko sauka. Wallahi in ka iya amsa waɗannan biyun rabin ruɗanin ya tafi.

Cire haƙori ai rauni ne, an girgiza ƙashi, wani lokacin ma an tsaga dasashi an ɗinke, dole jiki ya turo jini da ruwa wurin domin gyara. Shi ya sa kumburi na ƙa'ida yake da tafiyarsa, ranar farko kaɗan ne, rana ta biyu ya ƙaru, ya kai ƙarshen hawansa tsakanin awa 48 zuwa 72, daga nan sai ya fara sacewa, kafin mako guda yawancinsa ya tafi. In haƙorin can ƙarshe na ƙasa ne, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, musamman in kwance yake a cikin ƙashi sai da aka yi aiki aka fito da shi, to kumburin ya fi yawa, baki ya ƙi buɗewa sosai, fatar kunci ma ta kan yi duhu kamar an naushe ka. Duk wannan ba infekshan ba ne. Mutane da yawa a rana ta biyu ko ta uku suke tsorata, daidai lokacin da kumburin ya kamata ya fi muni dama.

Ni abin da ya ruɗa ni a karon farko wani fari-fari ne da na hango a ramin da na haska fitilar waya, na ce shi ke nan mugunya ta taru. Ashe sabuwar tsoka ce ke shimfiɗuwa a kan gudan jinin, alamar warkewa ce ma. Ita mugunya ruwa ce, tana tsattsafowa, tana wari, za ka ji ɗaci ko bauri a baki, kuma ba ta zuwa ita kaɗai sai da ƙarin ciwo.

Akwai abu na biyu da ake yawan ɗauka infekshan ne alhali ba shi ba ne, likitoci na ce masa dirai soket, wato busasshen gurbi. Gudan jinin da ya kamata ya toshe ramin ne ya fita ko ya narke da wuri, ƙashi ya rage a buɗe, iska da abinci na taɓa shi. Yakan fara ne tsakanin kwana 2 zuwa 4, ka ga mutum ya fara samun sauƙi sai kawai wani zugi mai tsanani ya taso yana harbawa har kunne da gefen kai, baki na wari, amma kuma kumburi ba shi da yawa kuma galibi babu zazzaɓi. A cirewa ta yau da kullum kamar mutum 2 zuwa 5 cikin 100 ne ke samunsa, a haƙorin ƙarshe na ƙasa kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma ya fi kama masu shan taba da mata masu shan ƙwayar tsarin iyali.

Infekshan na gaske shi ne na uku. Kumburin da ya ci gaba da hawa bayan kwana 3, ko wanda ya sauka sannan ya dawo, wurin ya yi tauri da zafi, mugunya, zazzaɓi da ya kai digiri 38 ko sama, rawar sanyi, kaluluwa a ƙasan muƙamuƙi mai ciwo, baki na ƙara matsewa maimakon ya saki. Wani lokacin ma sai bayan mako biyu ko uku yake bayyana, mutum ya manta da zancen.

Dabara biyu da ba su cin ko sisi: kullum da safe ka ɗauki hoton fuskarka a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin ido na ruɗi amma hoton jiya da na yau ba sa ƙarya. Sannan ka gwada yatsu nawa ke shiga tsakanin haƙoran gaba a tsaye, mai lafiya uku ne, in jiya biyu suka shiga yau ɗaya da kyar to abin ba sauƙi yake yi ba.

Abin da zan auna da shi

Kuɗi, sauƙin yi, ko hanyar na kashe matsalar ne daga tushe ko danne ta kawai take yi ta dawo, sai haɗari in ka zaɓe ta a inda ba ita ta dace ba. Na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi a wurina, saboda yawancin hanyoyin nan suna da inda suke daidai, kuskuren zaɓi ne ke jawo wahala.

Hanya ta farko: jinya a gida

Wannan ita ce ta yawancin mutane, kuma in kumburi na ƙa'ida ne ta wadatar. Awa 24 na farko ƙanƙara ce abokiyarka, ka naɗe ta a tsumma mai tsabta, kar ka ɗora ta kai tsaye a fata, minti 15 zuwa 20 a kunci sannan ka huta kamar haka ka sake. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ƙanƙara ta gama aikinta, sai a koma gashi da tsumma mai ɗumi don muƙamuƙi ya saki, amma fa in ana zargin akwai mugunya a ciki a bar gashin nan sai likita ya gani. Kwanciya kuma a ɗaga kai da filo biyu, za ka ga bambanci da safe.

Ranar farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar abin sha da tsinke, ba abu mai zafi sosai, ba sa harshe ko yatsa a ramin, duk don gudan jinin nan ya zauna daram. Bayan awa 24 sai ruwan gishiri, rabin cokalin shayi a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ka guntsa ka ɗan karkata kai ya zagaya wurin a hankali ka buɗe baki ya zubo da kansa, sau 3 ko 4 a rana musamman bayan cin abinci. Ba irin kurkurar nan ta guɗu-guɗu ba. Taba da shisha a ajiye su aƙalla kwana 3, in za a iya mako guda ya fi, na san masu sha za su ce da wuya, to zugin busasshen gurbi ya fi wannan wuya. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi, a dai kauce wa ramin, barin baki da datti wai don tsoron taɓa ciwo shi ma kiran infekshan ne.

Maganin ciwo kuma, parasitamol da ibufurofen sun isa a mafi yawan lokuta, kuma haɗa su biyun ya fi kowanne shi kaɗai aiki. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ma a ƙa'idar da ta fitar a 2024 irin waɗannan ta sa a gaba wajen ciwon bayan cire haƙori, ba masu sa maye irin su kodin ba. Ga babba, parasitamol miligiram 500 zuwa 1000 duk awa 6, kar ya wuce giram 4 a awa 24, kuma a lura yawancin magungunan mura akwai parasitamol a ciki, in ka haɗa ba ka sani ba hanta ce ke ɗaukar nauyin. Ibufurofen miligiram 400 duk awa 6 zuwa 8 bayan an ci abinci, kar ya wuce 1200 a rana sai da umarnin likita. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciki, mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, da mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa, su tsaya a parasitamol. Kuma ba a haɗa ibufurofen da diklofenak, 'yan gida ɗaya ne, ciki kawai za su ci. Asfirin ba zaɓi ba ne a nan don yana ƙara zubar jini, sai dai in dama likita ya ɗora ka a kansa saboda zuciya, to wannan kar ka daina da kanka.

Kuɗinta kaɗan ne, sauƙi kuma ba a magana. Tana warware kumburi na ƙa'ida gaba ɗaya, amma ba ta taɓa busasshen gurbi sai ɗan rage zafi, infekshan kuwa ko kusa. Haɗarinta ɗaya ne, ka zarce da ita bayan lokacinta ya wuce. Abin da ya same ni ke nan a karo na biyu, rana ta huɗu zugi ya taso ina ta haɗiyar magani ina cewa gobe zai lafa, dare biyu ban runtsa ba, ina zaune a bakin gado riƙe da kunne, da na koma aka wanke ramin aka sa magani kafin in iso gida na ji kamar an sauke mini dutse, na yi ta jin haushin kaina.

Sai abubuwan da mutane ke ƙarawa da kansu. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona wurin take yi, ba abin da take warkarwa. Man kanumfari gaskiya yana kashe zafi, sinadarin da ke cikinsa ma shi ne a wasu magungunan da likita ke sawa a busasshen gurbi, amma tsantsarsa in aka ɗiga a buɗaɗɗen rauni yana ƙona nama. Tona ramin da tsinken sakace don fitar da abinci kuwa, ka fitar da abincin ka fitar da gudan jinin tare. Abin kurkure baki na kulohekzidin yana da amfani in likita ya ce a yi, sai dai in aka daɗe ana yi yana rina haƙora.

Hanya ta biyu: ka je kemis ka sayi antibayotik da kanka

A nan zan ɗan daɗe, don ita ce ta fi jan hankali kuma ita ce na fi ƙi. Ana ganin kamar ita ce tsaka-tsaki, ba ka zauna haka kawai ba, ba ka kuma sha wahalar komawa asibiti ba. Amma duba yadda take faɗuwa a duk yanayin nan uku.

In kumburi na ƙa'ida ne, antibayotik bai da abin yi, kumburin zai sauka a rana ta huɗu ko ka sha ko ba ka sha ba, sai dai kai za ka ce maganin ne ya yi aiki, gobe ka ba wani shawarar haka, da haka zancen ke yaɗuwa. In busasshen gurbi ne, matsalar ƙashi ne a buɗe, ƙwaya ba ta rufe rami, za ka sha kwana biyar kana zugi. In kuma infekshan ne na gaske har mugunya ta taru, magani ba ya shiga cikin tarin mugunya yadda ya kamata, sai an buɗe an fitar da ita, in akwai guntun saiwar haƙori ko ɓallin ƙashi da ya rage a ciki kuwa sai an ciro shi. Abin da ke faruwa sai maganin ya ɗan danne abin, zazzaɓi ya sauka, ka saki jiki, bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo, wani lokacin ya fi na farko.

Ga kuma kuskuren awo, wanda ya saya da kansa yawanci ko ya sha kaɗan, ko ya sha kwana biyu ya ajiye da ya ji sauƙi, ko ya ɗauko ragowar na wani da ke cikin durowa. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗi cewa shan maganin ƙasa da ƙima na koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, yau ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa wannan cikin manyan barazanar lafiya. Wannan na duniya ke nan, naka na kanka kuma ya fi kusa: amoksisilin ɗan gidan fenisilin ne, wanda jikinsa ba ya karɓa zai iya yin borin jini, fuska da leɓe su kumbura, numfashi ya sarƙe, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ba ya haɗuwa da barasa sam, kuma yana ƙara ƙarfin wafarin har jini ya ƙi tsayawa. Kilindamaisin da ake ba waɗanda ba sa shan fenisilin yana iya jawo muguwar gudawa mai kai mutum gadon asibiti.

Kuɗi dai matsakaici ne a ido, amma in ka lissafa cewa sau da yawa daga baya sai ka koma wurin likitan dai, to biya biyu ka yi. Ba ina cewa antibayotik ba shi da amfani ba fa, yana da shi sosai, waɗannan magungunan dai su ne likitan zai rubuta in ya ga infekshan ya fara bazuwa. Bambancin shi ne ya duba, ya wanke, ya tambayi tarihinka, sannan ya zaɓa. In kuma dama an rubuta maka tun ranar cirewa, ka sha yadda aka ce, in awa 48 zuwa 72 suka wuce ba sauƙi ka koma, kar ka ƙara wani a kai da kanka.

Hanya ta uku: komawa wurin likitan haƙori

Abin da ke hana mutane komawa tsoro ne, an tuna allura da ƙarar ƙarfe a baki, sai kuma tunanin kuɗi da layi. Amma komawar duba ba irin ranar cirewa ba ce. Zai leƙa ramin, ya taɓa kunci da ƙasan muƙamuƙi, ya ga iya buɗewar bakin, ƙila a auna zafin jiki. In busasshen gurbi ne sai ya wanke ramin da ruwan gishirin asibiti a sirinji, ya cusa wani ɗan magani mai ƙamshin kanumfari, minti kaɗan an gama, zafi kan faɗi cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, wani lokacin sai an sake bayan kwana biyu. In yana zargin wani abu ya rage a ciki sai a yi hoton eksire. In mugunya ce a kashe wurin da allura a buɗe ta fita, sannan a rubuta antibayotik in da buƙata.

Wurare da yawa duba bayan cirewa na cikin kuɗin aikin farko ko kuma kaɗan ake ƙarawa, hoto da magani ne ke ɗaga kuɗin, don haka ka tambaya kafin ka yanke cewa ba za ka iya ba. Ko kiran waya ma wani abu ne, ka faɗi kwana nawa, ka tura hotunan nan na safe, sau da yawa daga nan za su ce zo yau ko su ce ci gaba da ruwan gishiri. Ita ce kaɗai hanyar da ke gano ainihin abin kuma ta kashe shi daga tushe, haɗarinta kusan babu, iyaka ka je a ce maka lafiya lau ka yi asarar rabin wuni. In kuma ba ka gamsu da inda aka cire ba, ba dole sai can ba, kowane likitan haƙori zai iya dubawa.

Wani abu ga wanda aka cire wa turmin sama, wato babban haƙorin tauna na sama: saiwoyinsa na kusa da wani kogon iska da ke gefen hanci, wani lokacin ƙofa kan buɗe tsakaninsu. In ka sha ruwa ka ji yana fitowa ta hanci, ko iska na wucewa ta ramin, kar ka fyace majina da ƙarfi, in atishawa ta zo ka buɗe baki, kuma wannan na likita ne kai tsaye.

Hanya ta huɗu: emajensi

Ita ce mafi tsada da wahala, ƙarin ruwa, antibayotik ta jijiya, gwajin jini, ƙila kwanciya, ƙila tiyata. Mutum kaɗan ne ke kaiwa nan, amma wanda ya kai ba shi da wata hanyar. Infekshan na haƙoran ƙasa na iya gangarawa ƙarƙashin harshe da haɓa, wurin ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago ya tura baya ya toshe hanyar numfashi, wannan shi ne ciwon da wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana tun 1836 har ake kiransa da sunansa, kuma cikin awanni yake gudu ba kwanaki ba. Na haƙoran sama kuma kan haura wajen ido.

Alamomin ba su da ruɗani: haɗiya ta gagara har yawu na dalala, numfashi da kyar ko ba ka iya kwanciya rigingine, murya ta canja kamar da abu a baki, kumburi ya sauka wuya ko ya tsallaka ɗaya gefen haɓa, ido ya fara rufewa ko gani ya canja, baki ya kulle, zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi da jiri ko ruɗewa. Haka jinin da ya ƙi tsayawa bayan ka ciji auduga ko tsumma mai tsabta da ƙarfi na minti 30 sau biyu. Ɗan ja-ja a yawu ranar farko ba komai ba ne, wanda ke cika baki nake nufi.

Ga su a jere

| Hanya | Kuɗi | Sauƙin yi | Tana kashe tushen? | Haɗari in ba ita ta dace ba |
|---|---|---|---|---|
| Jinya a gida | Kaɗan | Sosai | E, in kumburi na ƙa'ida ne kawai | Ɓata lokaci infekshan na ci |
| Antibayotik da kanka | Matsakaici, sau da yawa biya biyu | Da sauƙi | Da wuya, dannewa ya fi yi | Borin jini, gudawa, ɓoye ciwo, jurewar ƙwayoyin cuta |
| Likitan haƙori | Kaɗan zuwa matsakaici | Sai an je an jira | E | Kusan babu |
| Emajensi | Mai yawa | Da wahala | Tana ceton rai, sauran aikin haƙori daga baya | Asarar kuɗi da lokaci kawai |

To wa ya kamata ya bi wacce

In kana cikin kwana 3 na farko, kumburi a kunci kawai yake, maganin ciwo na kama zugin, ba zazzaɓi, kana haɗiya lafiya, zauna a gida ka yi ƙanƙararka da ruwan gishirinka, ka ɗauki hoto gobe da safe ka gwada.

In ka fara samun sauƙi sai zugi ya dawo da ƙarfi yana harba kunne, magani ya daina kama shi, ko da babu kumburi, likitan haƙori yau ko gobe, kuma kar ka ɓata kuɗinka a antibayotik a hanya. Haka in rana ta huɗu ta zo hoton yau ya fi na jiya kumbura, ko ga mugunya, ko zazzaɓi, sai dai wannan yau ɗin nan ne ba gobe ba. Leɓe ko harshe da ya zauna a mace bayan kwana guda da allura shi ma a sanar da likita.

Mai ciwon suga, musamman wanda sugansa ba ya zama daidai, da mai shan maganin ciwon daji ko sitiroyid (maganin danne kumburi da garkuwar jiki) na dogon lokaci, da mai cutar da ta raunana garkuwar jiki, da wanda aka taɓa gasa wa muƙamuƙi da hasken maganin ciwon daji, da mai shan maganin ƙarfafa ƙashi irin alendironet, ku ba kwa cikin masu jira a ga gobe, infekshan na saurin bazuwa a jikinku kuma wani lokacin ba ya nuna zazzaɓi sosai, ƙaramar alama ma ta isa a kira. Mai ciki ma haka, Hajiya kar ki sha komai bayan parasitamol sai an duba ki. Yaro ƙarami da ya ƙi shan ruwa ko ya yi laushi bayan cirewa kar a kwana da shi a gida.

Wanda yake nesa da likitan haƙori, ko abin ya faɗo a ƙarshen mako ko'ina a rufe, kuma ga alamun infekshan, ya je wurin kowane likita ko ma'aikacin lafiya da ke kusa, zai iya auna shi ya rubuta maganin da ya dace ya riƙe shi kafin a samu na haƙori, ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha a hannu, ya kuma faɗa in wani magani ya taɓa yi masa bori.

Wanda kuma haɗiya ko numfashi ya fara yi wa wuya, ko kumburi ya kai wuya ko ido, ko ƙarfe biyun dare ne a tashi wani ya kai shi emajensi, ya zauna a zaune a mota kar ya kwanta, kuma kar ya tuƙa da kansa.